Harshen Ta'aziyya da Tallafin Mai Rashi: Nazari daga Unguwar Katako ta Birnin Jos

1.0 Gabatarwa

A yawancin rubuce-rubucen da suka taɓo gaishe-gaishen Hausa, akan kawo gaisuwar ta'aziyya ne a ƙarshen jeri, bayan ta aure da ta haihuwa da ta dawowa daga tafiya, a ba da misali biyu ko uku, a wuce. Wataƙila abin da ya jawo haka shi ne ganin cewa kalmominta daskararru ne, kowa ya san abin da za a ce da abin da za a amsa, don haka sai a ɗauka babu abin tonowa a cikinta. Malinowski (1923) ya yi bayanin irin maganar da ake yi domin ƙulla zumunci kurum, ba domin isar da wani sabon labari ba, kuma a wannan rukuni akan jefa ta'aziyya.

Wannan maƙala tana ganin rukunin ya yi mata kaɗan. Ta'aziyya tsari ne na taimakon kai da kai wanda al'umma ta gina da harshe domin ɗaukar wanda aka yi wa mutuwa a kwanakin da ba ya iya ɗaukar kansa. Idan aka bi ra'ayin Austin (1962) cewa furuci kansa aiki ne, to ya kamata a tambaya: wane aiki kalmomin ta'aziyya suke yi, kuma a ina ƙarfinsu yake ƙarewa? An zaɓi Katako ta birnin Jos ne saboda a nan tambaya ta biyu ta fi fitowa fili. Misalan da za a kawo irin waɗanda kowa yake ji ne a zaman makoki, kuma an sanya alamar karin sauti da tsawon wasali a inda bayani ya buƙaci haka kawai.

2.0 Katako da Mutanenta

Katako tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, kuma ta samo sunanta daga kasuwar katakon da ke wurin, kusa da Laranto. Bayan katako, an san kasuwar da hatsi da kayan gwanjo. Kamar sauran birnin, wanda haƙar kuza ta tara masa jama'a tun farkon ƙarni na 20, kasuwar mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa da Birom da Anaguta da Afizere da wasunsu. Hausa ita ce harshen ciniki a tsakaninsu, kuma ita ce harshen ibada a majami'u da yawa na ECWA da COCIN, waɗanda hedkwatocinsu suke a Jos. Ke nan idan aka yi mutuwa a layin 'yan hatsi, da Hausa Musulmi zai yi wa Kirista gaisuwa, da ita kuma Kirista zai yi wa Musulmi, ko da kuwa kowannensu yana da wani harshen a gida.

3.0 Yadda Ake Faɗin Mutuwa

Tallafin yana farawa ne tun daga kalmar da aka sanar da labarin da ita. Aikatau mutu yana nan a harshen, amma an fi barin sa ga dabba da agogo da aure da kasuwa. Wanda ya shiga gida ya ce da mace mijinta ya mutu ya yi ɗanyen aiki. Abin da akan ji shi ne:

(1) a. Wane ya rasu.
b. Allah ya yi wa wane rasuwa.
c. Wane ya cika.
d. Wane ya riga mu gidan gaskiya.
e. Wane lokaci ya yi.
f. Rai ya yi halinsa.

Ràsu ya cancanci a tsaya a kansa. A tsarin Parsons (1960) aikatau ne ɗan aji na bakwai, daga rasàa, kamar yadda dàfu yake daga dafàa da gyàaru daga gyaaràa. Aikatan wannan aji ƙi-karɓau ne, kuma abin da suke nunawa shi ne halin da wani abu ya shiga, ba tare da an ambaci wanda ya jefa shi ciki ba. Asalin ma'anar ya rasu ke nan ita ce an rasa shi. Da wannan kalma harshen ya kawar da kai daga abin da ya sami jikin mamaci, ya mai da shi ga giɓin da ya bari a cikin masu rai. Daga saiwa guda kuma aka sami rashi, aka ce an yi mana rashi, aka kira iyalan masu rashi. Tun a ƙirar kalma an riga an ba waɗanda suka saura suna da matsayi.

Misalai na (1c) da (1e) suna ɗauke da tunanin wa'adi, wato kwana ƙidayayye ne wanda ya kai iyakarsa. Na (1d) kuwa, da sunan marigayi wanda yake da alaƙa da riga, suna mai da mutuwa tafiya ce da wani ya yi gaba saura suna tafe. A duk jimlolin nan shida babu gurbin da za a sanya ɗan'adam a matsayin aikau mai laifi. Inda aka ambaci mai aikatawa, kamar a (1b), Allah ne. Za a koma ga wannan batu a sashe na 6.0, domin a kansa ne tarihin Jos ya gwada harshen.

4.0 Tsarin Gaisuwar

Kalmar ta'aziyya aro ce daga Larabci, kuma asalinta yana nufin sanya mutum ya yi haƙuri. Makoki kuwa Bahaushiyar kalma ce, sunan wuri daga koka, a bisa ƙirar masauki da mazauni. Wato wurin yana riƙe da tsohon sunansa na kuka, aikin da ake yi a cikinsa kuma ya karɓi sunan haƙuri. Maza kan zauna a ƙofar gida a kan tabarmi ko a ƙarƙashin rumfa, mata a cikin gida. Ga yadda gaisuwa kan kasance tsakanin wani matashin ɗan kasuwa da dattijon da ɗansa ya rasu, bayan sallama da addu'a:

(2) A: Baba, ashe abin da ya faru ke nan.
B: Wallahi kuwa.
A: Ya muka ji da haƙuri?
B: Da godiya.
A: Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.
B: Amin.
A: Allah ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari.
B: Amin, amin.
A: Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.
B: Amin. Allah ya ba da lada, Allah ya bar zumunci.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne rabon nauyin magana. Mai gaisuwa ne yake ɗaukar dogayen jimloli, mai rashi kuwa abin da ake nema daga gare shi bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba, kuma waɗanda ya riga ya sani ne tun yana yaro. Mutumin da aka binne ɗansa da hantsi yana iya karɓar gaisuwar jama'a masu ɗimbin yawa kafin magariba ba tare da ya ƙago jimla ko ɗaya ba. A ganina daskarewar da ake raina ta'aziyya saboda ita, ita ce babban amfaninta. Ba a ce masa ya bayyana abin da ke ransa ba, ba a kuma bar shi shi kaɗai ba.

Abu na biyu shi ne lamirin suna. Ba a cika cewa ya ka ji da haƙuri ba. Akan ce muka, mai gaisuwa ya shigar da kansa cikin rashin, ko kuma a sauke lamirin gaba ɗaya a ce ya haƙuri. Haka addu'o'in suke tafiya daki-daki: a fara da mamaci, a gangaro kan iyalansa, a ƙare da mu, inda mai gaisuwa da wanda ake gaisarwa suka zama ɗaya a gaban abin da ke jiran kowa. Kalmar ashe da aka buɗe da ita tana nuna labarin ya zo wa mai magana ba zato, kuma ita ce 'yar ƙofar da ake bar wa mai rashi. In ya so, sai ya ba da labarin jinya da yadda cikawa ta kasance, in bai so ba, wallahi kuwa ta wadatar. Masu zaman makoki sun san akwai wanda zai maimaita labarin ga duk wanda ya shigo, har kalmomin su yi laushi a bakinsa, kuma ba a katse shi.

Abu na uku, tambayar da ke tsakiyar gaisuwar tambaya ce a siga kawai. Amsoshinta ƙidayayyu ne: da godiya, alhamdu lillahi, haƙuri ya zama dole, haƙuri sai Ma'aiki. Ta ƙarshen nan ita ce mafi kusa da amsa gaskiya, domin tana cewa cikakken haƙuri na Annabi ne, mu kuwa muna ƙoƙari. Amma babu inda aka tanadi a ce na kasa. Wannan shi ne gefen haƙuri na biyu. Yana tallafar mutum a gaban jama'a, yana kuma rufe masa baki.

Addu'ar takan sauya da matsayin mamaci. In jariri ne ko ƙaramin yaro, akan ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya mayar da mai albarka. In magidanci ne, a ce Allah ya raya bayansa. Kirista mai magana da Hausa kan ce Ubangiji ya ta'azantar da ku, da aikatau ɗan aji na biyar da aka ƙera daga saiwar Larabcin nan dai, kuma kan ce wane ya yi barci cikin Ubangiji. Inda addini ya bambanta, maƙwabta sun daɗe da gano jimlolin da ba su taka iyakar kowa ba. Mace Musulma za ta shiga gidan maƙwabciyarta Kirista ta ce, "Maman wance, sannunku da rashi, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya yaran nan." Addu'ar ta tsallake makomar mamaci, ta sauka a kan masu rai, kuma kowa ya amsa da amin. Wannan ƙaramin rumbun jimloli na tsaka-tsaki abu ne da Jos ta ƙware a kansa fiye da garuruwan da addini ɗaya ya mamaye.

Kada a manta kuma cewa kalmomin ba su kaɗai suke zuwa ba. Maƙwabta ne suke kawo abinci, bisa koyi da umurnin da Annabi ya bayar a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib abinci bayan ya yi shahada a yaƙin Mu'uta. 'Yan layi ɗaya a kasuwa kan yi karo-karo, wani ya tsare wa mai rashi rumfarsa. 'Yan agaji kan ɗauki makara su kuma tsare hanya. A ɓangaren Kirista, Zumuntar Mata ce take kwana da wadda mijinta ya rasu, da waƙa da girki. Har zaman shiru a kan tabarma, wanda mutum zai yi na rabin sa'a bayan ya gama gaisuwa, wani ɓangare ne na saƙon. Shi ya sa ake cewa zaman makoki.

5.0 Kwana Uku da Abin da ke Bayansu

Shari'a ta iyakance makoki ga kwana uku, in ban da matar mamaci, wadda za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, ko kuma har ta haihu in tana da ciki. Al'ada ta ƙara wasu tashoshi a kan wannan: sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wani wuri har da ta shekara. Muhawara a kan irin waɗannan ƙare-ƙare tsohuwa ce, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya keɓe babi ga sunna da bidi'a a sha'anin jana'iza a cikin Ihya'us Sunna. Amma a Jos ta ɗauki sabon zafi, domin a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, kuma tarukan sadakar mamaci suna cikin abubuwan da ta yi wa'azi a kansu. Yau a unguwa ɗaya akwai gidan da za a naɗe tabarmi ranar uku a watse, akwai wanda za a sake taruwa ranar arba'in.

Hukuncin wannan saɓani na malaman addini ne. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne, kowace tasha dama ce ta sake furta ya ƙarin haƙuri, kuma idan tashoshin suka ragu, lokacin da ya halatta a taɓo zancen mamaci yakan ragu tare da su. Bayan makonni kaɗan, ɗauko maganar kan zama fama gyambo, sai kowa ya kama bakinsa don tausayi. A daidai wannan lokaci ne kuwa baƙi suka tafi, abincin maƙwabta ya tsaya, maganar gado da bashi da kuɗin makaranta ta taso.

Ƙamus ɗin harshen kansa ya san da wannan bambanci na lokaci. Alhini da jimami na kwanakin farko ne, kuma jama'a kan yi su tare, har a ce gari yana cikin jimami. Kewa takan zo daga baya, ta mutum ɗaya ce, kuma wurin da babu kowa a cikinsa take nunawa: shimfiɗa, kujerar ƙofar gida, kwanon da ba a zuba wa tuwo ba. Idan abin ya zarce, ba a cewa baƙin ciki ya yi mata yawa kamar yadda ake cewa tunani ya yi mata yawa, ko ta sa abin a ranta, daga nan sai a koma harshen jiki: ba ta barci, ba ta cin abinci, jininta ya hau. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ba wannan hali suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ciwon alhini mai tsawo a kundinta na cututtuka na 11, wanda ya fara aiki a 2022, ga wanda ya haura wata shida abin yana hana shi gudanar da rayuwarsa fiye da yadda al'adarsa ta saba. Sharaɗin al'adar nan yana da muhimmanci a gare mu, domin mai takaba ta cinye fiye da wata huɗu daga cikin shidan a cikin keɓewar da addini ya ɗora mata, ba ciwo ba.

Akwai kuma waɗanda harshen bai raɗa wa suna ba. Yaro maraya ne, mace mai takaba ce. Namijin da matarsa ta rasu ba shi da takaba, ranar huɗu yana rumfarsa yana ciniki, kuma gwauro ba ta bambanta shi da wanda ya yi saki ba. Uwar da ɗanta ya rasu ba ta da suna sai in mutuwar ta yi ta maimaituwa, a ce tana wabi. In ɗan fari ne, kunya ma kan hana ta nuna abin da ke ranta a gaban surukai.

6.0 Mutuwar da Ba a Tanadar wa Kalma Ba

Duk tsarin da aka bayyana an gina shi a kan abubuwa uku da ake ɗauka tabbatattu: akwai gawa, akwai maƙwabta, kuma babu wanda za a tuhuma. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka kimanin 1,000, da na 28 ga Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda ta ce aƙalla mutum 700 suka rasu kuma aka ƙone kasuwar Katako, da na Janairu 2010, sun rushe duka ukun. Haka bama-baman Taminus na 20 ga Mayu 2014 da na masallacin 'Yantaya na 5 ga Yuli 2015. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu.

A irin waɗannan ranaku an yi jana'izar mutane da yawa a lokaci guda, an binne su a kabari ɗaya, dokar hana fita kuma ta hana zaman makoki. Wanda ya kamata ya zo gaisuwa shi ma gaisuwar ake yi masa. Wasu kuwa sun fita ba su dawo ba. Ga iyalan waɗannan, ya rasu ba ta faɗuwa, sai ba a gan shi ba. Ba a cewa Allah ya jiƙansa, don kada a yanke ƙauna, ba a kuma iya cewa Allah ya dawo da shi lafiya bayan shekara ta kewayo. Mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki sallar gawar da ba ta nan ba, kuma babin wanda ya ɓace a fiƙihunta yana da wa'adodi daban-daban, har da jiran shekara huɗu bayan an kai magana gaban alƙali. Matarsa ba matar aure ba ce sosai, ba mai takaba ba ce. Pauline Boss (1999) ta kira wannan rashi mai shubuha, kuma ta nuna yana daga cikin mafi wuyar warkewa.

Inda aka sami gawa kuma, aikau ya dawo cikin jimla. Dubi yadda masu magana suke kokawa da shi:

(3) a. An kashe shi.
b. Rikici ya rutsa da shi.
c. Ya rasu lokacin kiraisis.
d. Ya yi shahada.

A (3a) lamirin an ya ɓoye sunan mai kisa, amma aikatau so-karɓau ne, ya tabbatar da akwai shi. (3b) ta mai da rikici kamar ruwan sama ko gobara. (3c) ta koma ga rasu, ta tura sanadin cikin bayanau na lokaci, da kalmar Ingilishi da bakin mutanen Jos ya hausantar. (3d) ta ɗaga mutuwar zuwa daraja. Zaɓi tsakanin huɗun nan ba na nahawu kaɗai ba ne, kuma yaron da ya tashi maraya zai gina fahimtarsa a kan wadda ya fi ji a gida.

Addu'o'in ma sun sami ƙari: Allah ya bi masa haƙƙinsa, Allah ya tona asirinsu, Allah ya isa. Siga ɗaya suke da Allah ya jiƙansa, amma fuskarsu tana kallon wani mutum na uku wanda a da ba ya cikin gaisuwar. Ana iya cewa Allah ya isa tana miƙa ramuwa ga Allah ne, ta cire ta daga hannun mutum, kuma sau da yawa haka take aiki. Ana kuma iya jin ta a bakin da bai miƙa komai ba. Daga baya unguwanni suka rabu bisa addini, mutane suka sayar da gidaje ko suka yi musaya, sai ya zama abokin ciniki na shekara da shekaru yana jin labarin rashi amma yana shakkar shiga unguwar da ake makokin. Gaisuwar takan jira har a haɗu a kasuwa, a yi ta a tsaye. Jimlolin tsaka-tsakin da aka ambata a 4.0 suna nan da rai, tabarmar da ake faɗinsu a kanta ce ta yi nisa.

7.0 Ta'aziyya ta Waya

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001, wata guda kafin rikicin farko, kuma a hankali ta zama hanyar tsallake iyakokin da ƙafa ba ta tsallakewa. Ga al'ummar da ke binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, saƙo guda a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan layi yana yin aikin da a da sai an tashi yara da kekuna. Dokar kulle ta 2020 ta ƙara tura mutane wannan hanya.

Rubutun waya yana zubar da abubuwa biyu. Na farko karin sauti da tsawon wasali: Allah yà gafarta masa roƙo ne, Allah yaa gafarta masa labari ne, a rubuce kuwa ɗaya suke, kodayake daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ma ba ta raba su ba. Na biyu lanƙwasa. Jiƙansa asalinta ji ƙansa ce, wato ji ƙai, kuma idan aka rubuta ta da k mara lanƙwasa sai ta yi kama da jikansa, ɗan ɗansa. Mahalli yana warware wannan, ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba. Asarar da ta fi girma ita ce ta musayar nan ta (2). Mutum ɗari sun aiko da addu'a iri ɗaya, wasu ma hoto ne da aka riga aka tsara, mai rashi ya amsa da amin guda ɗaya a ƙasa. An sami kalmomin, ba a sami zaman ba. Wataƙila shi ya sa mata da dattawa suka fi son saƙon murya, inda rawar murya da jan numfashi suke isa tare da addu'ar.

Amma waya ta buɗe wata ƙofa da zaure bai buɗe ba. A zaman makoki mamaci mutum na uku ne kullum, shi ko ita. A Facebook kuwa ana ganin ɗa ya rubuta, "Baba, yau shekara biyu da tafiyarka, har yanzu ina jin kamar za ka yi sallama." Wannan magana ce kai tsaye da mamaci, a gaban jama'a, a lokacin da al'ada ta riga ta rufe babin. Klass da Silverman da Nickman (1996) sun nuna cewa ci gaba da irin wannan alaƙa da mamaci ba alamar ciwo ba ce a karan kanta. Ana kuma ganin mata suna aika labarinsu su ce a sakaya sunansu, su faɗi abin da da godiya ta hana su faɗa, wasu da suka sha irin wannan ɗaci su ba su amsa. Taimakon kai da kai ne na masu rashi ga masu rashi, kuma galibinsa yana faruwa bayan arba'in.

A nan aikin masana harshe yake. Bayanan tallafi da ake juyowa zuwa Hausa don masu karatu a waya sukan zo da matakai biyar na Kübler-Ross (1969), waɗanda asalinsu daga majinyata masu jiran ajali aka samo su, kuma masana da yawa ba su ɗauke su tsani da dole kowa ya taka ba. Idan aka fassara matakin fushi ga mai takaba a Katako ba tare da an san nauyin Allah ya isa ba, ko aka zuba alhini da jimami da kewa da tunani cikin baƙin ciki guda, ko aka kira halin da sunan da zai sa ta ji ana ce mata mai taɓin hankali, za ta rufe wayar. Tunanin Stroebe da Schut (1999), cewa mai rashi yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da fuskantar hidimar rayuwa, ya fi kusa da abin da Bahaushe ya sani, kuma yana da kalmomin faɗinsa.

Akwai gaisuwa guda a harshen da ta dace da wannan lokaci na baya, wadda akan yi wa wanda baƙonsa ya tafi ko 'yarsa ta tare a gidan miji, akan kuma yi wa mai rashi bayan an kwana biyu:

(4) A: Yaya, ya kewar Malam?
B: Kewa kam akwai ta. Jiya ma sai da na zuba masa ruwan alwala kafin na tuna.

Ba kamar ya haƙuri ba, amsar ya kewa ba ta daskare ba, kuma amsa ta da akwai ba gazawar imani ba ce. Ya kamata a naɗi yadda ake amfani da ita a tsakanin matan Katako, Musulmi da Kirista, a san wa yake yi wa wa, daga wane mako, da kuma ko maza suna yi wa junansu ita a rumfunan kasuwa.